Azumin da Malam Tanko Ya Yi a Bayan Kanta

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, irin wadda tun hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara don zafi. Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ina tace gasara, rediyo na gefena, sai aka sako kakakin wata jam'iyya yana bayani. Muryarsa a sanyaye, da ji ka san a ɗaki mai sanyi yake zaune. Ya ce jam'iyyarsu ta tsaya kai da fata a kan haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya, ba za su yarda a tsare kowa ba bisa ƙa'ida ba, kuma abin da talaka ya zaɓa shi ne zaɓi. Na miƙa jiƙaƙƙen hannuna na kashe rediyon.

'Yata Asabe, wadda nake zaune a gidanta yanzu a Rigasa, ta leƙo daga kicin ta ce, "Mama, labarai fa za a yi."

Na ce mata na riga na ji su tun tana 'yar shekara shida.

Rabon da azumi ya zo da irin wannan zafi an yi shekara talatin da 'yan kai. A lokacin muna Unguwar Shanu, a gidan haya mai iyali shida, ni da maigidana Malam Tanko kafinta da 'ya'yanmu mata biyu, Asabe da ƙanwarta da ban daɗe da yaye ta ba. Ni ma'aikaciya ce, ina buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati. Mai gidan hayar wata dattijuwa ce, Gwaggo Delu, ita ce uwar kowa a gidan, ita ke raba faɗa, ita ke tsara wanda zai share tsakar gida.

Famfon layinmu ya ƙafe tun kafin a ga wata. Rijiya ɗaya ce ta rage a gidan wani mai saida itace, ita ma sai ta kwana take tara abin da guga zai taɓa. Da an idar da sallar asuba matan gidanmu za mu jera da bokitai, wadda ta riga ta samu ruwa, wadda ta makara ta samu laka. Mukan zuba alif a ciki mu bar shi ya kwanta har azahar. Ruwan da aka wanke shinkafa shi ake wanke kwanoni, na wankin kwanoni kuma shi ake yayyafa wa tsakar gida don a samu wurin zama da yamma. Man fetur babu, motocin haya sun yi layi a gidajen mai har sun yi ƙura. Kananzir ma babu, rishon kowa yana ƙarƙashin gado. Abin da ya cece mu garin katako ne. Kullum Malam zai taho da buhu guda daga shagonsa, mu danƙara shi a gwangwani, mu bar rami a tsakiya, mu kunna. Da shi duk gidan ake dama kunu a soya ƙosai. Hayaƙinsa yana da yaji a ido, har yau in na wuce 'yan katako sai na ji ƙamshin kunun tsamiya a hancina.

Soja ne ke mulki a lokacin, amma sun ce za su miƙa wa farar hula, an buɗe jam'iyyu. Malam bai taɓa siyasa ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya dawo daga shago ya yi wanka ya ɗauki rediyo. Amma wannan karon abin ya shige shi. Wata rana kafin azumi ya shigo da wasu takardu rubutun hannu, ya zauna a bakin gado ya ce, "Hajara, karanta ki ji."

Alƙawuran jam'iyyar ne aka mayar da su Hausa don mutanen mazaɓarmu. A ciki an ce kowane ɗan jam'iyya yana da bakin magana a taro, babba ne ko yaro. An ce ɗan takara jama'a ne za su fitar da shi, ba wanda za a ɗora musu. An ce jam'iyya za ta tsaya wa duk wanda aka tsare ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

"Kin ji ko?" ya ce. "Wannan ba irin na da ba ne. An rubuta."

Ya roƙe ni in buga musu, don ofishin mazaɓa ba su da mai tafireta. Na gaya masa ma'aikacin gwamnati ba ruwansa da jam'iyya, in aka gane aikina ne zai tafi. Ya ce ai ba suna za a sa ba. Haka na riƙa zama lokacin da abokan aiki suka fita cin abinci, ina buga shafi ɗaya ko biyu, ina ɓoye su a ƙasan fayil. Mako biyu na yi. Aka kai aka gurza kwafi da yawa a inji, aka ɗinke, ya zama ɗan littafi mai koren bango. Malam ya sa nasa a aljihun gaba na rigarsa, ko masallaci da shi yake zuwa. Bencinan ofishin mazaɓar ma shi ya ƙera su da ragowar katakonsa, bai karɓi ko sisi ba.

Ran tara ga azumi, wata Asabar, aka yi zaɓen fitar da ɗan takarar kansila a filin firamaren unguwa. Ƙato bayan ƙato ake yi, wato kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga a gaban jama'a. Mutum biyu ne. Akwai Malam Yusha'u, tsohon malamin makaranta da rabin unguwar suka bi ta hannunsa, akwai kuma wani ɗan kwangila da shugaban jam'iyya na mazaɓa, Alhaji Ɗanjuma, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya kawo. Malam Tanko shi ne wakilin Malam Yusha'u wurin ƙirga.

Ni ba damar in shiga layi, sai na tsaya daga nesa a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da goyo a bayana. An ce ƙarfe tara za a fara, ba a fara ba sai da rana ta take. Mutane da azumi a bakinsu, ƙasa tana ƙuna ta cikin silifa. Na ga tsofaffi sun ɗora sallaya a ka. Wata mata ta yanke jiki ta faɗi, aka ja ta inuwa aka yi mata fifita, da ta farfaɗo ta koma inda take. Layin Malam Yusha'u ya fita ta ƙofar makaranta ya bi gefen kwata har bakin titi. Na ɗan kwangila bai wuce ajujuwa biyu ba. Makaho ma da ya taɓa da sanda zai faɗi wanda ya ci.

Da aka gama ƙirga Ciyaman ya ce azahar ta yi, jama'a sun gaji, a je a huta, za a faɗi sakamako a ofis. Washegari aka manna takarda a ƙofar ofishin da sunan ɗan kwangila.

Ran Litinin aka kira taro bayan la'asar. Ban je ba, labari na ji daga bakin mijin wata maƙwabciyarmu. Ya ce Ciyaman ya yi dogon jawabi a kan haɗin kai, ya ce manya daga sama sun duba sun ga abin da ya fi alheri. Sai Malam Tanko ya miƙe, ya zaro littafin nan daga aljihu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ƙirga. Da hannuna na taɓa kafaɗar kowa. Kuma ga abin da muka rubuta." Ya fara karantawa. Ciyaman ya ce ya zauna. Ya ce zai zauna in ya kai aya. Daga nan 'yan baya suka ɗauki hayaniya, wasu na cewa a bar shi, wasu na cewa a fitar da shi, aka yi turereniya, benci ɗaya ya karye.

Da safe 'yan sanda biyu suka je shago suka tafi da shi, da fensir a bayan kunnensa. An ce ya tayar da zaune tsaye, ya lalata kayan jam'iyya.

Ina ofis aka aiko mini. Na nemi izini na ce yarinya ce ba lafiya, na taka da ƙafa har caji ofis. Sajan ɗin da ke kan kanta, wani mai furfura a gemu, ya duba littafinsa ya ce maganar ba a hannunsu take ba, daga sama ta zo. Na ce a ba da beli. Ya ce sai wanda ya kawo ƙara ya zo. Na ce to a kai shi kotu. Ya dube ni ya ce, "Malama, ki je ki dafo masa abin buɗa-baki. Shi ne abin da za ki iya yau."

Daga ranar rayuwata ta koma hanya ɗaya. Da asuba layin rijiya. Ƙarfe bakwai in kama hanyar aiki, in an dace a samu bas a rataya, in ba a dace ba a taka. In tashi ƙarfe biyu, in iso gida rigata ta manne da baya, leɓena ya tsage. Shago a rufe, garin katako ya yanke, sai Gwaggo Delu ta tsara mana: mata biyu-biyu kullum su je 'yan katako su roƙo buhu su ɗauko a ka. Ni ta cire ni daga ciki. Ta ce, "Ke naki ɗaukar ya ishe ki." Wata ta jiƙa mini wake, wata ta kai niƙa, wata ta riƙe yara. Kafin ƙarfe biyar an haɗa mini kunu a fulas, ƙosai a leda, tuwo a langa, da gorar ruwa da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma don ta yi sanyi. In ɗora a ka in sake kama hanya.

Dokar wurin ita ce duk wanda ya kawo abinci sai ya ɗanɗana a gaban ɗan sanda kafin a shigar. Ni kuwa da azumi. Don haka sai in zauna a kan dakalin waje, cikin sauran mata masu irin lalurata, mu jira a kira salla. Dakalin siminti ne, ya sha rana tun safe, ko ta cikin zani yana ƙuna. Da ladan ya ɗaga murya sai mu taso mu jera. In kurɓi kunu, in gutsuri ƙosai, in lashi miya, in kurɓi ruwa, sajan ya gyaɗa kai. Kwana goma sha shida da haka nake buɗa baki, a tsaye, da loma ɗaya daga abincin mijina. Shi kuma sai an gama da kowa abincin yake isa gare shi, kunun ya huce.

Wani lokaci sajan ɗin yakan bari a fito da shi bayan kanta mu gaisa. Ranar farko na same shi da ƙarfinsa, har yana tambayata ko an ɗauke ƙofar wani mutum da ya bari a waje kada rana ta lanƙwasa ta. Ya ce, "Kada ki damu. Akwai kwamiti a babban ofis na jiha, aikinsu ke nan. Shafi na bakwai. Ke kika buga."

Na je babban ofishin ranar wata Alhamis, na lulluɓe fuskata da mayafi kada wani ɗan ma'aikatarmu ya gan ni. Gida ne mai bene, da janareto yana ruri. A jikin wata ƙofa an rubuta kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam. Na yi awa biyu a kan kujera kafin lauyan ya shigo. Saurayi ne mai fara'a, ya gaishe ni da ladabi, ya ɗauki biro. Na fara ba shi labari yana rubutawa da sauri, har ya ce wannan zalunci ne, kwana nawa ke nan ba a kai shi kotu ba? Da na zo wurin wanda ya kai ƙara, sai biron ya tsaya.

"Ciyaman ɗinmu na mazaɓa?"

Na ce shi.

Ya rufe biron ya jingina. "Hajiya, da a ce soja ne suka kama shi, wallahi yau ɗin nan sai 'yan jarida sun ji. Amma wannan maganar cikin gida ce. In muka fito da ita, abokan hamayya za mu ba wa sanda, ga babban zaɓe na tafe."

Na ce, "To shi da yake ciki, ba a cikin gidan yake ba?"

Ya ce zai yi magana da manya, in dawo Litinin. Na dawo Litinin, aka ce ya yi tafiya. Na dawo Laraba, aka ce yana taro. A hanyar komawa ranar, kusa da wata kwana, na ratse daga titi. Na zauna a gindin wani mangwaro, ƙudaje na bin ruɓaɓɓun 'ya'yan da suka zubo, na rasa ko hawayen da zan yi. Ba yunwa ce ta fi cina ba. Abin da ya fi damuna shi ne kowace kalma da suke takawa a ƙasa na san ta, na san inda na yi kuskure a cikinta na goge na sake bugawa.

Malam Yusha'u ya zo gidanmu sau biyu, ya kawo gero da sukari, ya yi addu'a. Ana cikin goman tsakiya sai muka ji ya janye don a zauna lafiya, an yi masa alƙawarin wata kujera a hukumar makarantu. Bai sake zuwa ba. Ban gaya wa Malam ba, amma labari ya riga ni shiga.

Zafi ya ƙaru a goman ƙarshe. Hadari yakan haɗu ta gabas da la'asar, ya yi baƙi, iska ta taso ta kwashi ledoji, mu fito da bokitai, sai ya watse ya bar gari a dafe. Ƙurajen zafi suka fesa wa yara a wuya da goshi. Rijiyar ta koma ba da rabin guga. A caji ofis kuwa mutum goma sha wani abu ne a ɗaki ɗaya mai taga kamar tafin hannu. Malam yana da gyambon ciki tun da daɗewa, kuma ya ƙi ajiye azumi. Langar tuwo ta fara dawowa da rabi, daga baya ta riƙa dawowa yadda na kai ta. Ranar ashirin da uku da aka fito da shi sai da ya dafa kanta. Wuyansa ya zurma, idanunsa sun yi ciki, rigar da ya shiga da ita ta yi masa yawa.

Sajan ya raka ni har bakin ƙofa, ya rage murya. "Jiya ya yi aman jini. Ni ba ni da ikon kai shi asibiti sai an ce. Ki je ki ga mutumin nan, Malama. Girman kai ba na mai mutum a ciki ba ne."

Gwaggo Delu ce ta raka ni gidan Ciyaman da hantsi. Mun same shi a zaure a kan kilishi, fanka mai batir tana kaɗa masa, ana ta auna hatsin rabon azumi a ƙofar gida. Ya karɓe mu hannu biyu, ya kira Gwaggo da Inna, ya tambayi yara.

Ya ce, "Tanko ƙanena ne. Wallahi ko barci ba na iya yi saboda shi. Amma jam'iyya tana da tsari. In kowa zai miƙe ya karanta littafi a fuskar shugabanni, ina za a je?"

Gwaggo ta ce, "Alhaji, ba shari'a muka zo ba. Yaron nan jini yake amarwa."

Ya yi salati, ya girgiza kai. Sannan ya ce abu mai sauƙi ne. Tanko ya rubuto takarda cewa rana ce da azumi suka ruɗa shi ya yi kuskuren ƙirga, abin da ya faɗa a taro ba haka ba ne, yana neman afuwar shugabanni. Da ya sa hannu, shi da kansa zai je ya janye ƙara. "Kuma ki gaya masa, bayan salla in ƙura ta lafa, za a sake zaɓen nan a gaban kowa. Na yi alƙawari, ga Inna shaida." Ya juyo gare ni yana murmushi. "An ce ke ce mai tafiretar nan tamu. Ai kin ga ba sai an nemi wani ba."

A nan na gane ya san komai, ya kuma san inda nake aiki.

Washegari da abokan aiki suka fita sallar azahar na sa takarda a tafireta. Layi tara ne. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Da yamma bayan na ɗanɗana abinci na miƙa wa Malam ita ta kan kanta. Ya matsa kusa da fitila ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya ninke ya turo mini.

"Ban yi kuskure ba, Hajara."

"Na sani, Malam. Ina wurin."

"To ƙarya kike so in sa wa hannu, da azumi a bakina?"

Na ce ina so ya fito. Na ce Asabe ta daina tambayata ina yake, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali a kan lokacin da take tambaya. Na ce wanda ya tsaya dominsa ya karɓi kujera, masu littafin sun ce maganar gida ce, mutanen da suka yi layi a rana kowa yana gidansa yana shan kunu. "Kai kaɗai ka rage a layin nan, Malam."

Ya ɗauki gorar ruwa ya juya ciki.

Kwana biyu ina zuwa da takardar a cikin jakata, ina komawa da ita. Ran ashirin da bakwai ba a iya fito da shi a tsaye ba, sai da wani ɗan ɗakinsu ya riƙo shi. Ya zauna a kan benci a bayan kanta, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Sajan ya ba shi biro. Ya sake karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya sa hannu, sannan ya ɗago.

"Kin buga ta da kyau," ya ce. "Kamar wancan."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

Washegari da hantsi aka sake shi. Babu kotu, babu takardar komai, sajan ya ba shi hularsa da fensirinsa a leda. Wani maƙwabci ya ɗauko shi a kan keke, yana turawa, ni ina biye. Aka kai shi wurin wani malamin asibiti a layinmu ya ɗaura masa ruwa. An karanta takardarsa a taron mazaɓa, aka yi tafi, aka ce jam'iyya uwa ce, ta yafe.

Ana jajibirin salla da la'asar ruwan farko ya sauka. Ya zo da iska da ƙamshin ƙasa, ya daki kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Duk gidan muka fito, bokiti, baho, tukunya, har da kwanon cin abinci, muka jera a bakin indararo. Na farko ja ne da dattin rufi, muka zubar, na biyu ya zo garau. Yara suka tuɓe suna tsalle, Gwaggo tana yi musu tsawa tana dariya. Malam yana zaune a bakin ƙofa a kan tabarma. Ya yunƙura zai ɗaga mini bokiti ɗaya da ya cika, ya kasa, ya koma ya zauna yana kallon hannuwansa.

Ya warke, ya koma shago bayan wata biyu. Bai sake taka ofishin mazaɓa ba, bai kuma taɓa ɗaga mini maganar takardar ba, ko sau ɗaya, har muka rabu. Amma duk ranar zaɓe yakan yi wanka ya sa farar riga ya je ya yi layi. In na ce masa me za a fasa, sai ya ce shi dai a ƙirga shi. Ita jam'iyyar ba ta yi ƙarko ba, soja suka rushe jam'iyyun duka. Da aka sake buɗe wasu, mutanen nan dai su ne suka fito da sabuwar tuta da sabon littafi, wannan karon mai sheƙi, bugun kamfani.

Yanzu a Rigasa akwai burtsatse a kan kwana, akwai gas a kicin, jikokina ba su san ana danƙara garin katako a gwangwani ba. Ƙanƙara ma ana samu in an yi sa'ar wuta. Zafin ne dai bai sauya ba, sai kuma maganganun da ake yi a rediyo.

Shekara shida ke nan da rasuwar Malam. Ranar sadakar uku ina ɗaki cikin takaba aka ce ga Alhaji Ɗanjuma ya zo gaisuwa. Ya tsufa ƙwarai, ana riƙe da hannunsa. Aka ajiye masa kujera a bakin ƙofata, labule a tsakaninmu. Ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya juya ga mutanen da ke tsakar gida ya ce su yara ne ba su sani ba, wannan bawan Allah da aka rasa gwarzo ne, yana cikin waɗanda suka sha ɗauri a zamanin soja don a samu dimokuraɗiyyar da ake ci yau. Ya ce jam'iyyarsu ba ta taɓa mantawa da irinsu ba. Na ji mutane suna cewa Allahu akbar.

Na matsa kusa da labulen. Na ce, "Alhaji, har ya rasu yana jiran zaɓen nan da ka ce za a sake bayan salla."

Ta gefen labule ina ganin fuskarsa. Na zaci zan ga kunya, ko fushi, ko ya kawar da kai. Sai na ga ya tattara goshi yana lalube da gaske, kamar mai neman sunan wani ƙauye da ya taɓa wucewa a mota.

Ya ce, "Wane zaɓe ke nan, Hajiya?"

Asabe ta taɓa gwiwata.

Na ce, "Babu komai, Alhaji. An gode. Allah ya ba da lada."

Ya shafa addu'a, aka ɗaga shi, aka riƙe masa hannu har mota.